Dashen roba a gaba da ruɓewar nama bayan aiki

Baban Sadiya, Garwa:
Assalamu alaikum 'yan zaure. A yi min afuwa, maganar tana da nauyi a baki, amma ta lafiya ce. Yayana ya haura shekara 50, ya daɗe da ciwon suga, ƙarfin mazakutarsa ya tafi kwata-kwata. Ya sha na farmasi, ya sha na gargajiya, shiru. Yanzu wani mai haɗa wa mutane tafiya asibitin waje ya ce masa akwai aikin da ake dasa roba a cikin gaba, mako ɗaya ya dawo gida. Har ya fara maganar sayar da fili. Ni kuma an ba ni labarin wani bawan Allah da aka yi wa irin wannan aiki, wurin ya yi baƙi, ƙarshe sai da aka yanke wani sashe. Masu sani, don Allah, gaskiya ne aikin nan yana ruɓar da mutum?

Ɗan Yelwa:
Wa alaikumus salam. Ka hana shi kawai. Mutum ya haura 50, yana da 'ya'ya, me ya rage? Ya rungumi ƙaddara ya riƙe filinsa.

Maman Khalifa, Marwa:
Malam Ɗan Yelwa, ka faɗi naka, amma ka tuna akwai mace a gidan. Ba a tambaye ta ba. Sau nawa aure yake lalacewa a kan wannan, ana ta sulhu a kan cefane da rashin biyayya, alhali kowa a ɗakin ya san ba nan gizo ke saƙar ba? Ni ban ce a yi aikin ba, ban ce a bari ba. A dai daina cewa me ya rage.

Firmiye, Gawundare:
Baban Sadiya, ni ma'aikacin jinya ne, labarin da ka ji yana faruwa, ba ƙirƙira ba ce. Amma ba shi ne abin da ya fi yawa ba. Mu jira Dokta ya shigo, fanninsa ne. Kafin nan ka tambayi yayan naka yaushe rabonsa da gwajin HbA1c, kuma nawa ya nuna. Ba na tsinken yatsa da safe ba, shi wannan gwajin jini ne da ke nuna yadda suga ya kasance a wata 2 zuwa 3 da suka wuce.

Baban Sadiya, Garwa:
Na kira shi. Ya ce bai taɓa jin sunan gwajin ba. Na yatsa kawai yake yi, shi ma sai ya ji jikinsa ba daɗi.

Dokta, Injamena:
Salamu alaikum. Alhaji Baban Sadiya, amsar da yayanka ya ba ka ta fi komai muhimmanci a duk abin da aka rubuta zuwa yanzu, zan dawo kanta.

Aikin na gaske ne, kuma ba sabo ba ne. Tun 1973 wani likita a Amurka mai suna Brantley Scott ya fito da irin wanda ake hurawa. Iri biyu ne manya. Akwai sanduna biyu masu lanƙwasuwa, a miƙe su idan ana buƙata, a kwantar idan an gama. Akwai kuma mai ruwa, wato wanda ake hurawar: bututu biyu a cikin gaba, ɗan famfo a cikin jakar maraina, da ma'ajiyar ruwa a ƙasan ciki. Sandunan ko bututun ana sa su ne a cikin jijiyoyi biyu masu kama da soso waɗanda jini ke cika wa lokacin sha'awa. Kafin a sa, sai an buɗa hanya a cikin wannan nama, don haka wanda aka yi wa aikin ba zai koma miƙewa da kansa yadda yake a da ba, ko da an cire robar. Duk wanda bai ji wannan daga bakin likitansa ba kafin ya sa hannu, an zalunce shi.

A hannun ƙwararru, ga mutumin da ake yi wa karo na farko, ƙwayar cuta tana kama robar a kusan mutum 1 zuwa 3 cikin 100. Adadin yana hawa idan aiki na biyu ne, ko mutum yana da sugan da bai kwanta ba, ko ciwon laka, ko garkuwar jikinsa ta yi rauni. Mutuwar naman kan kaciya ta fi wannan ƙaranci sosai, sai dai idan ta zo ba ta jira.

Ɗan Yelwa:
To Dokta, idan ƙwayar cuta ce ai sai a sha antibiyotik. Me zai kai ga yanka?

Dokta, Injamena:
A nan mutane da yawa suke ɓata lokaci. Roba ba nama ba ce, jini ba ya ratsa ta. Maganin da ka sha ko aka yi maka allurarsa jini ne ke kai shi inda ake buƙata. Ƙwayoyin cuta, yawanci irin waɗanda ke zaune a fatar mutum kamar Staphylococcus, idan suka sami jikin roba sai su shimfiɗa wani yauƙi su lulluɓe kansu a ciki, kamar gansakukar da ke kama cikin randa: ko ka sauya ruwa sau goma tana nan, sai an juye randar an kankare. Shi ya sa idan robar ta kamu da gaske, maganin shi ne a buɗe a cire ta duka, bututu da famfo da ma'ajiya, a wanke wurin. Antibiyotik yana taimakawa, amma shi kaɗai sai dai ya kwantar da zazzaɓin kwana biyu, mugunya na ci gaba da taruwa.

Akwai wata hanya da wani likita mai suna Mulcahy ya bayyana a 1996: a cire wadda ta kamu, a yi wanki mai tsanani da magunguna kala-kala, a sa sabuwa nan take a zama ɗaya. Tana yin nasara a kusan 8 cikin 10. Amfaninta shi ne wurin ba ya samun damar ƙanƙancewa da tabo. Amma tana da sharaɗi: mutum ya zo da wuri, cutar ba ta shiga jini ba, nama bai mutu ba, robar ba ta huda hanyar fitsari ba. Kuma sai akwai sabuwar roba a ajiye da likitan da ya iya. Yanzu ku dubi mutumin da aka yi wa aiki a Indiya ko Masar ko Tunisiya, ya dawo Garwa bayan mako ɗaya. Ranar da wurin ya kumbura, ina sabuwar robar, ina likitan?

Firmiye, Gawundare:
Bari in ƙara abin da muke gani mu a ƙasa. Mutum ya dawo daga tafiya, zazzaɓi ya kama shi, abu na farko da kowa zai ce shi ne cizon sauro. A sayo maganin maleriya, a haɗa da parasitamol, wani ma har da tramadol saboda zafin ciwo. Kwana uku sun tafi. Shi kuma bai gaya wa kowa an yi masa aiki ba, ya ce wa iyali ya je duba ido ne ko ciwon baya. Ko ya zo wurinmu sai ya ce jikinsa ne ke zafi, sai wari ya tona. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Don girman Allah, duk wanda aka yi wa aiki a wannan wuri, ya sami mutum ɗaya a gida wanda ya san gaskiya, matarsa ko ƙaninsa, wanda zai iya buɗe baki a gaban likita idan shi ya kasa.

Kuma ga yanayinmu. A Maris da Afrilu zafin Garwa da Marwa yana wuce digiri 40. Gumi, bandeji, doguwar tafiya a mota. Wanda zai tafi Yawunde daga Marwa ta ƙasa, sai ya wuce Garwa, ya hau zuwa nan Gawundare, sannan ya kwana a jirgin ƙasa. Mai miki a wannan wuri ba tafiyarsa ba ce.

Alhaji Mai Goro, Kusiri:
Ni tambayata ga malamai ce. Shin ma ya halatta? Mutum ya buɗe al'aurarsa a sa masa abin da ba Allah ne ya halitta masa ba?

Malam na Domayo:
Alhaji, neman magani halal ne. Ya tabbata a hadisi cewa Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta. Buɗe al'aura ga likita saboda larura malamai sun yi rangwame a kai, gwargwadon larurar. Gyara abin da ya lalace don ya koma aikinsa daban yake da sauya halitta don ado. Kuma shari'a ba ta ɗauki wannan matsala da wasa ba, a fiƙihunmu na Malikiyya wanda aka ɗaura wa aure ya kasa kusantar matarsa ana ba shi shekara guda ya nemi magani, saboda haƙƙin matar. Abin da zan ja hankali a kai shi ne, ba a yarda mutum ya jefa kansa cikin halaka ba. Idan likita amintacce ya ce jikinka bai shirya ba, ka matsa saboda ka riga ka biya kuɗin jirgi, wannan kai ka jawo. Allah ne mafi sani.

Alhaji Mai Goro, Kusiri:
Allah ya gafarta Malam, na gamsu.

Baban Sadiya, Garwa:
Dokta, ka yi bayanin ƙwayar cuta. Shi baƙin da wurin ke yi fa? Shi ne ya fi tsorata ni.

Dokta, Injamena:
Wannan matsalar jini ce. Kan kaciya yana samun jini ta hanyoyi biyu: jijiyoyin da ke bi ta saman gaba, da naman da ke kewaye da hanyar fitsari. Mai suga na shekaru, ko mai shan taba, ko mai toshewar jijiyoyi, waɗannan hanyoyi sun riga sun ƙuntata, kuma sau da yawa wannan ƙuntatar ce ma ta kashe masa ƙarfin tun farko. To sai a zo a sa bututu yana tokarewa daga ciki, a naɗe da bandeji mai matsi daga waje, a zura robar fitsari ta tsakiya. Wani lokaci a haɗa da yanka a kewayen kan kaciya a zama ɗaya. Ɗan jinin da ke isa sai ya yanke.

Alamar tana fitowa a kwanakin farko. Kan ya sauya launi, ya yi duhu fiye da yadda mutum ya san kansa, ya yi sanyi, wani lokaci ya yi ƙuraje masu ruwa, ko ya daina jin taɓi. A fatarmu baƙa ba a saurin ganewa, shi ya sa dole mai jinya ya buɗe ya duba da haske mai kyau, ya kwatanta da yadda yake kafin aiki. Idan aka ga haka, abin da yawancin ƙwararru suka tsaya a kai shi ne a sassauta duk abin da ke matsewa, a cire robar ba tare da jinkiri ba. Na san abin da ke zuwa zuciyar mara lafiya: miliyoyin sefa sun tafi, a ce a cire bayan kwana biyu? Amma roba ana sake sa wata bayan an warke. Naman da ya mutu ba ya dawowa, sai dai a yanke shi.

Mafi muni shi ne idan cutar ta bi ƙarƙashin fata ta bazu zuwa maraina da tsakanin cinyoyi har ƙasan ciki. Ana kiranta ruɓewar Fournier, da sunan likitan Faransa da ya bayyana ta a 1883. Ba sai an yi dashe take kama mutum ba, masu suga muna ganinta a jikinsu daga ɗan maruru ko miki kusa da dubura. Zafin ciwon ya fi abin da ido ke gani, fata ta kumbura, a taɓa a ji kamar iska a ƙarƙashi, ga wari, mutum ya fara ruɗewa. Awoyi ake ƙirgawa. Sai an shiga tiyata an yanke duk abin da ya mutu, sau da yawa fiye da sau ɗaya, kuma tana kisa ko a manyan asibitoci.

Maman Khalifa, Marwa:
Innalillahi. Dokta, to mu mata me za mu lura da shi idan an dawo da mutum gida?

Dokta, Injamena:
Hajiya, ciwo da kumburi a makon farko da na biyu abu ne da aka saba, amma ya kamata kullum su riƙa raguwa. Ciwon da ya lafa sannan ya dawo, ko yake ƙaruwa, zazzaɓi da rawar ɗari, ruwa ko mugunya daga ɗinki, fata ta yi ja ko ta yi sheƙi, sugan da ya tashi ya ƙi sauka duk da magani, fitsari ya ƙi fita, ko a ga wani ɓangare na robar yana neman hudo fata. Ko ɗaya daga ciki, a tafi asibiti mai ɗakin tiyata a ranar, a faɗi aikin da aka yi tun daga bakin ƙofa. Kada a gasa da ruwan zafi, kada a shafa komai, kada a matsa. Kuma ba a kusantar iyali sai likita ya ba da izini, yawanci bayan mako 6.

Ɗan Yelwa:
Duk wannan bayani ai ya dawo kan maganata. A bar shi kawai. Ga masu maganin gargajiya nan, ba yanka ba ɗinki.

Mai Farmasi, Garwa:
Ɗan'uwa, a nan ba zan bi ka ba. Da yawa daga cikin garin magani da zumar da ake tallatawa da lasifika a kasuwa, an sha kama irinsu a ƙasashe daban-daban da sildenafil a ciki, wato sinadarin Viagra, ba tare da an rubuta ba kuma ba awo. Mai ciwon zuciya da ke shan magungunan nitrat idan ya haɗa da wannan, jininsa zai iya faɗuwa ya mutu a kan shimfiɗa. Masu allurar man shafawa ko silikon a ƙarƙashin fata don ƙara girma kuwa, su ma ƙarshensu tauri da miki da ruɓewa, ba tare da sun je ko'ina ba. Ruɓewa ba a asibitin waje kaɗai ake samo ta ba.

Kuma tsakanin ƙwaya da dashe akwai matakai. Akwai sauya irin ƙwayar da gyara yadda ake shan ta, don wasu sau ɗaya suka gwada bayan sun cika ciki da tuwo da nama suka ce ba ta aiki. Akwai na'urar zuƙo jini, akwai allurar da likita ke koya wa mutum. Dashe shi ne na ƙarshe.

Ɗan Yelwa:
Na zumar ban sani ba. Amma har yanzu ni dai ba zan ba ɗan'uwana shawarar ya kwanta a yanka shi a nan ba.

Dokta, Injamena:
Ra'ayinka ne kuma akwai masu zaɓar haka, ba laifi. Sai dai in faɗi gaskiya, mafi yawan waɗanda aka yi wa aikin yadda ya kamata suna jin daɗinsa, su da matansu. Ban zo in tsorata kowa ba.

Baban Sadiya, na ce zan dawo kan yayanka. Mutumin da bai taɓa yin HbA1c ba bai kai matakin maganar jirgi ba. Ya yi gwajin. Likitoci da yawa ba sa son taɓa mutum idan ya haura 8.5 cikin 100, kuma saukar da shi aikin watanni ne. Ya bar taba idan yana sha, aƙalla wata guda kafin aiki. A duba zuciyarsa da hawan jini, domin rashin ƙarfin mazakuta sau da yawa shi ne ke fara sanar da toshewar jijiyoyin zuciya. A gwada fitsari, a duba ko akwai ƙaiƙayi ko ƙuraje a matsematsi a warkar da su.

Sannan ya yi magana da likitan da zai yi aikin da kansa, ba mai haɗa tafiya ba. Ya tambaye shi sau nawa yake yin wannan aiki a shekara, wace roba zai sa, shin mai rufin maganin kashe ƙwayoyin cuta ce, domin tun farkon shekarun 2000 ake yin irinsu kuma sun rage kamuwa sosai. Ya tambaya wa zai biya idan aka koma tiyata. Ya karɓi rahoton aikin da katin robar a rubuce, da Faransanci idan zai yiwu. Mako ɗaya ya yi kaɗan, ya yi shirin zama har ɗinki ya kama likitan ya sake dubawa. Kuma tun kafin ya tashi ya je ya ga likitan mafitsara a nan gida, a Garwa ko Yawunde ko nan Injamena, wanda ya yarda zai karɓe shi idan wani abu ya taso. Idan mai haɗa tafiyar ya ce duk wannan ba dole ba ne, kun san da wa kuke magana.

Baban Sadiya, Garwa:
Allah ya saka da alheri Dokta. Zan kai shi gwajin da kaina.

Shugaban Zaure:
Wani ɗan zaure ya turo min wannan a keɓe, ya ce in sa ba suna: "An yi min aikin a waje wata biyu da suka wuce, mai famfo. Ba ni da zazzaɓi, ɗinki ya warke. Amma ciwon bai taɓa dainawa ba, kuma famfon da ke motsi da farko yanzu ya manne da fata, wurin ya ɗan yi ja. Likitan can ya ce ta WhatsApp in sha antibiyotik na kwana goma. Na sha, ya lafa, ya dawo. Ina tsoron in je asibiti a nan a ce za a cire."

Firmiye, Gawundare:
Ɗan'uwa, Allah ya ba ka lafiya. Kada ka sayi zagaye na biyu na maganin nan da kanka.

Dokta, Injamena:
Ɗan'uwana, ba zan iya yanke hukunci ba tare da na duba ka ba, amma abubuwa ukun da ka lissafa, ciwon da ya ƙi tafiya bayan wata biyu, famfon da ya manne da fata, da ciwon da ke lafawa da magani ya dawo, su ne ainihin yadda kamuwar roba mai tafiya a hankali take bayyana. Rashin zazzaɓi ba ya wanke ta. Abin da ke gefenka shi ne, a yadda ka bayyana, kana cikin waɗanda ake iya cire wa a wanke a sa wata a zama ɗaya, sau da yawa mai lanƙwasuwa don ta riƙe wurin. Idan ka jira har fata ta fashe ko mugunya ta fito, wannan damar tana raguwa, a cire a bar wurin ya yi tabo ya gajarce, sake dashe kuma ya yi wuya.

Gobe da safe ka je wurin likitan mafitsara da rahoton aikinka da sunan maganin da ka sha, a yi maka gwajin jini da na suga. Ka tura wa likitan can hoton wurin da sakamakon, ka tambaye shi kai tsaye ko zai yi maka wankin da sauyawa, da kuma yaushe. Kada ka riƙa latsa famfon kafin a duba ka. Idan kuwa cikin daren nan zazzaɓi ya zo, ko kumburin ya ƙaru, ko launin fata ya sauya, kada ka jira safiya. Ka ba Shugaban Zaure sunan garin da kake, zan gaya masa asibitin da ya fi kusa da kai mai wannan sashe.